Ambulan Ɗin da Na Hana a Buɗe

A makon da ya wuce ƙanina Habibu ya cika shekara tara da rasuwa. Kowace shekara nakan dafa shinkafa da wake, abincin da ya fi so, in kai masallacinmu na nan Bronx a raba sadaka, in dawo gida in yi kukana in wanke fuska. Bana ma na yi. Amma bana na gane cewa tukunyar shinkafa ba za ta sauke mini abin da ke kaina ba, shi ya sa na roƙi wannan fili. Waɗanda suka san ni a titinmu na Grand Concourse sun san ni da baki, ba a kai ni ƙasa a magana, ko direban bas ya taka ni sai ya ji a jikinsa. To akwai magana ɗaya da na haɗiye shekara tara, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yau zan faɗe ta.

Mu 'yan Zariya ne. Mahaifinmu magini ne, na ginin ƙasa. Da hantsi yakan tsaya nesa da bangon da aka ɗora jiya, ya dubi inuwarsa a ƙasa, ya ce a sauke layi uku na sama, bangon ya karkata. Mu muna ganin abin kamar duba. Habibu, autanmu, shi kaɗai ne bai yarda duba ba ne, ya yi ta damun tsohon da tambaya har ya gane yadda ake karanta inuwar.

Na riga shi zuwa Amurka da shekara shida. Aikin kula da tsofaffi a gidajensu nake yi, har gobe. Shi karatu ya kawo shi, ya zama injiniya, ya samu aiki a wata masana'anta can arewacin jihar nan inda ake yin cif, 'yar ƙwaƙwalwar nan da ke cikin waya da mota da injin wanki. Da masana'antar ta rage ma'aikata sai ya dawo Bronx da matarsa Zulai da 'yarsu Nafisa, ya kama aikin gyaran na'urori a ɗakin gwaji na wata kwaleji. Sau uku suka sauya gida cikin shekara huɗu. Ni kuwa ina nan daram a hawa na biyar tun zuwana, don haka adireshina yake sa wa duk wata takarda mai muhimmanci. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

A waɗannan shekarun ne ya ƙirƙiro abinsa. Sau nawa ya bayyana mini ina tsinkar alayyafo ina ce masa to, to, ban sani ba. Ga iyakar abin da ya zauna a kaina. A kan faifan da ake yanko cif daga jikinsa ana yin layuka, 'yan katangu ne a jere, ƙanana ƙwarai, silin gashi a kusa da su gungume ne. Dole a auna su, don in katanga ta karkata ko ta yi ciki, cif ɗin ya lalace. Akwai na'urar da ke ɗaukar hotonsu daga sama. To daga sama faɗi kawai ake gani. In ana so a san yadda gefen katangar ya tsaya, a miƙe yake ko a kishingiɗe, sai a fasa faifan a leƙa ta gefe, faifan kuma ya tashi aiki ke nan. Habibu ya ce ba sai an fasa ba. A cikin hoton nan guda akwai haske a bakin katanga, akwai duhu a ramin da ke tsakaninta da maƙwabciyarta, kuma wanda ya iya karanta duhun ya yi masa lissafi zai faɗi siffar katangar ba tare da ya taɓa ta ba.

"Yaya, aikin Baba ne," in ji shi. "Ƙanƙanta shi kawai na yi."

Ya rubuta wannan duka ya aika ofishin gwamnati da ke ba da takardar mallakar ƙirƙira, wadda a nan ake ce wa fatent. Bai ɗauki lauya ba, da kansa ya yi. A ƙarshen takardun ya jera abubuwan da yake cewa nasa ne, ba wanda ya riga shi, ɗaya bayan ɗaya da lamba har goma sha biyu. Can a ofishin akan miƙa irin wannan ga jami'i guda, mai bincike, wanda aikinsa shi ne ya tono duk abin da aka taɓa rubutawa a kan fannin, ya ga ko abin sabo ne da gaske ko tsohon tuwo ne aka ɗumama.

Shekara biyu shiru, sannan wasiƙa ta farko ta faɗo akwatina. An ƙi duka goma sha biyun. Ni na hau sama, na ce wariya ce, sun ga suna Habibu. Shi kuwa yana zaune a kujerata yana karantawa yana murmushi, ka ce budurwa ce ta rubuto masa. Mai binciken ya tono wata tsohuwar takarda daga Japan mai auna faɗin layi daga hoto, ya tono wata ta nan ƙasar mai karkata na'ura a ɗauki hoto biyu, ya ce duk wanda ya san aikin zai iya haɗa wannan da waccan, saboda haka ba ƙirƙira ba ce. Na ce to mene ne abin murmushi a nan? Ya ce, "Yaya, mutumin nan ya karanta. Kin san mutum nawa ne a duniya suka karanta abin nan daga farko har ƙarshe? Ni da shi."

Daga ranar ya raɗa masa suna Surukina. Wai neman aure ne: ka kai gaisuwa a ce ba a san asalinka ba, ka kawo dattawa a ce za a yi bincike, kuma duk mai 'ya ta gari haka yake yi. Bai taɓa bari na zagi mutumin ba. Ya ce in mai tsaron ƙofa yana barin kowa ya wuce, gobe wani zai wuce da kayanka a ka. Ba su taɓa ganin juna ba, sunansa kawai muka sani a ƙasan wasiƙa, amma Habibu yana maganarsa kamar wani dattijon unguwarmu. In ya amsa wasiƙa ɗaya, wata ta zo da sabuwar hujja, shi kuma ya sake zama ya bi ta layi layi da jan biro.

Daga baya aka ba shi rabin awa ya yi magana da mutumin ta waya. A falona aka yi, wajen sha ɗaya na safe, saboda su jirgin ƙasa na wucewa ta bayan tagarsu. Sai ga Habibu da farar shadda da hula, ya fesa turare. Na ce, "Kai, ta waya ce fa, ba ya ganinka." Ya ce, "Wa ya taɓa zuwa gaban suruki da singileti?" Ina kicin ina kasa kunne. Habibu ya ce masa ta Japan faɗi take aunawa, ɗayar kuma sai da hoto biyu, shi kuwa hoto ɗaya ya ishe shi domin duhun ramin yake karantawa. Har labarin Baba da inuwar bango sai da ya ba shi. Na ji wayar ta yi shiru, sannan muryar ta ce wani abu, Habibu ya ƙyalƙyale da dariya. Da ya ajiye ya leƙo kicin ya ce, "Ya ce in abin da nake nufi ke nan, in rubuta shi haka ƙarara, in daina barinsa yana canka." Ya koma ya gyara, ya zuba maganar duhun nan a lamba ta tara, ya aika. Daga nan kullum ya kira ni, kafin ya tambayi lafiyata sai ya ce, "Yaya, surukina bai aiko ba?"

Wata biyar yana mini wannan tambayar. Wata Talata da safe ya faɗi a matakalar tashar jirgin ƙasa na layin D, yana hanyar zuwa aiki. Zuciya ce, in ji likitoci. Kafin azahar an kira ni. Shekararsa arba'in da huɗu. Maza suka kai shi maƙabarta can New Jersey, mu muka zauna muna karɓar gaisuwa. Ni na goya yaron nan a bayana, ban taɓa kawo wa raina cewa ni za a yi wa gaisuwarsa ba.

Kwana tara bayan haka na biya gidana ɗaukar kaya, na buɗe akwatin wasiƙu, sai ga ambulan mai kauri da tambarin da na sani. Na tafi da shi gidansu, inda nake kwana ina taya Zulai zaman takaba. A ranar ne nake tattara takardunsa da kwamfutarsa da littattafansa ina zubawa a babbar jaka.

Sai na tsaya nan na faɗi dalilina, ba don ya wanke ni ba. A gidanmu, in mutum ya rasu, ana ɗaure kayansa a gaban shaidu, ba a sake taɓawa sai ranar rabon gado. Mun koyi wannan da tsada. Da Baba ya rasu wani kawunmu ya buɗe akwatinsa kafin rabo, aka wayi gari ana cewa takardar gona ta ɓace, kuma har yau akwai gidaje biyu a danginmu da ba sa cin abincin juna. Ga shi Zulai 'yar Zangon Kumasi ce, a nan suka haɗu, mutanen gida a hoto kawai suka san ta. Na san bakin danginmu. Na san in aka ji an buɗe ko da takarda ɗaya, za a ce matar nan ta Ghana ta kwashe asirin dukiyar Habibu kafin kowa ya zo. A raina kare ta nake yi, ina kuma kare haƙƙin marainiya. Na yanke cewa jaka ba za ta buɗu ba sai babban wanmu, Yaya Sale, ya zo daga Zariya.

Zulai tana zaune a kan tabarma da carbi, ta ga ambulan a hannuna. Ta ce, "Yaya, na surukinsa ne. A buɗe mana. Shi yake jira kullum."

Na ce mata wanda yake jira ya tafi inda ba a kai wasiƙa. Na ce mai takaba ba ta binciken kayan miji, ta ji da addu'a. Ta ce ita dai ta ji yana cewa wasiƙun nan suna da wa'adi. A nan na ɗaga murya, na ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Na jefa ambulan cikin jaka, na ja zif, na sa kwaɗo a gaban maƙwabta biyu, na rataya makullin a wuyana. Zulai ta sunkuyar da kai ta ci gaba da jan carbinta.

Ranar da ta fita takaba, bayan wata huɗu da kwana goma, ta sake tambaya. A hankali, muna wanke kwanukan baƙi. Na ce mata ta yi haƙuri, Yaya Sale na hanya. Ashe wa'adin amsa irin wannan wasiƙa wata uku ne, ana iya ƙara shi har zuwa shida, kuma magada suna da ikon amsawa a madadin mamaci. Da na ciro makullin nan daga wuyana a ranar, da sauran lokaci. Bayan wasu watanni wani ambulan ya sake zuwa, siriri. Shi ma ban buɗe ba, na tura shi ta gefen zif ya bi ɗan'uwansa.

Yaya Sale bai zo ba. Sau biyu aka hana shi biza. Sai bayan wata goma sha huɗu muka haƙura aka yi rabon, limaminmu na zaune a falo, Yaya Sale na kallo ta waya. Da aka zo kan ambulan liman ya juya shi, ya dubi kwanan watan da ke jiki, ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Hajiya, ai wasiƙa ba dukiya ba ce, saƙo ce. Saƙo kuwa isar da shi ake yi." Na ji haushinsa, har na ce a raina malaman nan na Amurka sun fara sassauci. Aka yage bakin ambulan, na leƙa shafin farko, na ga kalmar ƙi ɗin nan da na saba gani. Na ce sun sake hana shi, gara ma da bai gani ba. Allah ya sani, har sanyi na ji a raina. Ba wanda ya buɗe shafi na biyu. Aka haɗa takardun da littattafansa aka ba Nafisa, tana da shekara goma sha biyar a lokacin.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Nafisa ta shiga jami'a ta ɗauki karatun ubanta. Tana shekara ta uku, wata Lahadi da la'asar, ta zo gidana ita da uwarta, da takardun a hannu. Yaranmu na nan kun san su, ka yi musu Hausa su mayar maka da Turanci. Da Turancin ta ce, Gwaggo, kun karanta shafi na shida? Na ce wane shafi na shida? Ta karanta mana tana fassarawa. Goma sha ɗaya dai an ƙi su. Amma lamba ta tara, in ji mai binciken, ya duba duk inda zai duba bai sami wanda ya riga shi ba, kuma in aka sake rubuta ta ta tsaya da ƙafarta ita kaɗai, za a amince. Aikin shafi ɗaya ne da sa hannu. Suruki ya ba da 'yarsa, ya zauna yana jiran a zo ɗaurin aure. Siririn ambulan kuwa sanarwa ce cewa tunda ba a amsa ba, an rubuta cewa mai nema ya yi watsi da buƙatarsa.

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Na zauna a kan hannun kujera, kujerar da ya zauna da farar shaddarsa. An ce rashin sani ya fi dare duhu, amma ni ba zan ɓuya a bayan wannan ba, don an gaya mini. Sau biyu aka gaya mini.

Nafisa ba ta tsaya kuka ba, ta samo wata lauya a jami'arsu da ke duba irin wannan, muka je mu uku. Matar ta ce akwai ƙofa guda. In jinkirin ba da niyyar watsarwa aka yi shi ba, ana iya roƙon a farfaɗo da buƙatar, amma tunda shekaru sun ja sai an rubuta gaskiyar abin da ya faru dalla-dalla: wa ya karɓi wasiƙar, ina ta zauna, me ya hana a amsa. Ta ɗauki biro ta dube mu. Ni mai bakin nan, ni da ba a kai ni ƙasa, na dubi takalmina. Tsoro nake ji yarinyar nan, wadda ita kaɗai ta rage mini daga Habibu, ta san da hannuna na rufe wa ubanta ƙofa. Sai Zulai ta ce ruɗewar mutuwa ce, ba wanda ya lura. Lauyar ta ce wannan bayanin ya yi ƙaranci, da wuya ya ɗauki nauyin shekaru masu yawa haka. Muka fito, muka hau jirgin ƙasa ɗaya muka koma gida.

Sau biyu ke nan na kashe maganar. Na farko da taurin kai, na biyu da tsoro, kuma na biyun ya fi ci mini rai, don a lokacin na san abin da nake yi. Zulai ba ta taɓa goranta mini ba. Yanzu tana unguwar Tompkinsville, can tsallaken ruwa, tana da ɗan shagon kayan miya, kowace Sallah sai ta tsallako ruwa ta kawo mini abinci, ta durƙusa ta gaishe ni tana ce mini Yaya. Da zagina take yi da na fi samun sauƙi.

Nakan zauna in ce, da Habibu zai leƙo yau, me zai ce? Lokacin da yake raye, in ya ce aikin cif yake yi a wajen suna ko walima, sai a gyaɗa kai a koma hirar ƙwallo. Yanzu tsohuwar da nake kula da ita ma, mai shekara kusan casa'in, ta san ana rigima a duniya a kan cif. Ana gina sababbin masana'antu a jihar nan, Nafisa tana aiki a ɗaya daga ciki, cikin farar rigar nan da ke rufe mutum ruf sai ido. Ta ce layukan sun ƙara ƙanƙancewa fiye da na zamaninsa, kuma yanzu kwamfuta ake koya wa ta dubi hoto ta faɗi siffa. Na tabbata da sai ya hana ta barci da tambaya, da sai ya sa ta zana masa komai a bayan ambulan, yana cewa a'a, sake dai.

Ta kuma nuna mini wani abu a wayarta. Ashe ofishin yakan wallafa buƙatar mutum ko ba a kai ga ba shi ba, kowa na iya karantawa. Takardar Habibu tana nan. Masu bincike suna tono ta, kamar yadda surukinsa ya tono ta Japan, su ce wa wasu masu nema: a'a, wannan wani ya riga ku. Na ga sunansa, sunan da aka raɗa a zauren gidanmu, a jerin waɗanda aka dogara da su a takardun manyan kamfanoni. Ni dai na so in ce zai ji haushi, wasu na cin gajiyar gonar da ya share. Amma na san ƙanina. Dariya zai yi, ya tura hula gaba ya ce, Yaya, yanzu mun fi mu biyu. Abin da ba zai iya haɗiyewa ba shi ne kalmar da ke rubuce a gaban lambar takardarsa, cewa an yi watsi da ita. Mutumin da ya yi shekara huɗu yana amsa wasiƙa da jan biro, wanda bai taɓa barin ko rediyon maƙwabci a buɗe bai gama gyara ba. Duk wanda ya buɗe shafin nan, daga nan har Japan, abin da zai ɗauka shi ne Habibu ya gaji ya bari.

Makonni biyu da suka wuce na rubuta yawancin abin da kuka karanta a sama, na kira Nafisa na ce ta zo ranar hutunta. Na zuba mata shinkafa da wake, na ajiye takardun kusa da farantin, na koma kicin ina goge abin da ba ya buƙatar guga. Tana karanta Hausa a hankali, da yatsa. Da ta gama ta ɗago ta dube ni. Sannan ta yi magana, kuma da Hausa ta yi, Hausar nan tata mai ɗingishi.

"Gwaggo, ai ina ɗakin ranar. Ina kwance bayan Mama. Na ji ta roƙe ki."

Na riƙe bakin ƙofa. Na ce, "Kin sani? To me ya hana ki faɗa a gaban lauya?"

Ta ce, "Baba ya ce ba a kunyata babba a gaban baƙo. Na ɗauka ke za ki faɗa."

Shekara uku yarinyar nan tana jirana, da maganar a bakinta, da haƙƙin ubanta a hannunta, saboda tarbiyyar da mu muka ba ta. Ni ina ɓoye mata abin da ta ji da kunnenta, ita tana rufa mini asirin da nake tsammani ni kaɗai da uwarta muka sani. Na yi kuka a gabanta irin wanda ban yi ba ko ranar rasuwar. Ba ta rarrashe ni ba. Ta ninke takardun ta sa a jaka, ta ce za ta kai wa lauyar, kuma za a buƙaci in sa hannu in tsaya a kan maganata. Na ce ko a gaban wa. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba, ni kuma ban ga fuskar tambaya ba. Abincin dai ta juye a roba ta tafi da shi.

Lauyar ta ce kada mu sa rai da yawa. Shekaru sun tafi, kuma ko an farfaɗo da ita, fiye da rabin rayuwar takardar ya wuce. Na ji. Ni yanzu ba takardar nake nema ba. So nake a samu wuri ɗaya a duniya inda aka rubuta gaskiya, in ofishin bai karɓa ba to ga jarida. Ban ce a daina ɗaure kayan mamaci ba, al'adar ta hana faɗa a gidaje da yawa. Amma 'yan'uwana na ƙasar nan, inda komai da wa'adinsa yake zuwa, in wasiƙa ta zo da sunan wanda ya tafi, ku tara shaidu ku buɗe ta a ranar. In kuma ƙarami ya ce muku ya ji wani abu, ku saurara, wani lokacin shi ne a kan rimin.

Me ya rage na Habibu bayan shekara tara? Farar shaddar tana wurin Zulai. Idon Baba, da ya bi ta kansa, yana wurin Nafisa, tana can tana auna katangun da ba a gani. Akwai wani mutum, in yana raye, wanda ya taɓa yin shiru a waya yana sauraron labarin wani maginin Zariya, ya koma ya bincika, ya rubuta a shafi na shida cewa yaron maginin yana da gaskiya. Ina yi masa fatan alheri duk inda yake, ya yi aikinsa tsakani da Allah. Ni kuma abin da ya rage mini tambaya ce. Har yau in wayata ta yi ƙara da safe, kafin in duba, ita nake ji. Allah ya jiƙanka Habibu, ya haskaka makwancinka, ya sa ka yafe wa yayarka. Wata biyar kana tambayata ina ce maka tukuna, yau ga amsarka. Surukinka ya aiko. Ya ce ya ba ka ta tara. Ba kai ka watsar ba, ni ce na sa kwaɗo.